Sauya manhajar ƙwaƙwalwar mota: Yadda ake yi, ribarsa da haɗarinsa ga masu motoci a Kudancin Kaduna

Garin Samaru Kataf da ke Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf a Jihar Kaduna mahaɗa ce ta manyan hanyoyi. Ɗaya ta bi Zonkwa da Kachia ta nufi Kaduna, ɗaya ta ratsa Kagoro ta shiga Kafanchan, wata ta bi Manchok ta hau tudun Jos, wata kuma ta yi arewa zuwa Saminaka. Daga ƙananan motocin haya ƙirar Golf da Sharan zuwa bas-bas ƙirar Hiace da manyan motocin dakon citta da masara, kusan duk wadda aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa yau tana ɗauke da wata ƙaramar kwamfuta da ke sarrafa injinta. Injiniyoyi na kiranta ECU, makanikai na ce mata biren bos, masu motoci kuwa sun fi saninta da ƙwaƙwalwar mota.

Ana iya karanta umarnin da ke cikin wannan kwamfuta, a sauya shi, a sake zuba shi. Sana'ar ta samo asali ne daga masu motocin tsere da motocin alfarma masu ƙarfin gudu a Turai da Amurka da Japan, amma yanzu ta iso garejojin Najeriya ta ƙofofi da dama: neman ƙarin ƙarfi, kashe fitilar gargaɗi, cire na'urar taƙaita gudu, da mayar da mota mai amfani da iskar gas. Duk wanda ya miƙa motarsa domin irin wannan aiki ya sanya injinsa da kuɗinsa, wani lokaci har da ran fasinjojinsa, a hannun mai aikin.

Mece ce ƙwaƙwalwar mota

Injin fetur yana aiki ne da abubuwa uku: iska, mai, da tartsatsin wuta daga fulogi. Domin man ya ƙone sarai, ana buƙatar kimanin kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya na fetur, kuma dole wutar ta tashi a daidai lokacin da fistan ya kusa kai ƙololuwa. A tsofaffin motoci, irin su Peugeot 404 da 504 da masana'antar Kakuri a Kaduna ta harhaɗa bayan ta fara aiki a 1975, kabireta da distiributa ne ke wannan lissafi, kuma makanike na iya daidaita su da sukudireba da kunnensa.

A motar zamani kwamfuta ce ta karɓi aikin. Tana samun rahoto daga na'urorin ji da makanikai ke kira sansa: mai auna yawan iskar da ke shiga, mai auna zafin ruwan inji, mai lura da juyin karanshaf, mai lura da yadda direba ya taka totur, mai shinshina iskar da ta rage a cikin hayaƙi, da mai sauraren ƙwanƙwasar inji. Da waɗannan rahotanni take yanke tsawon lokacin da kowace injekta za ta buɗe da lokacin da kowane fulogi zai ba da wuta. Inji mai silinda huɗu da ke juyi 3,000 a minti yana kunna wuta sau 100 a kowace daƙiƙa, kuma kowace kunnawa da nata lissafin.

Kwamfutar na duba amsar ne a cikin jadawalai da kamfani ya rubuta mata, waɗanda masu sana'ar ke kira taswira. Akwai taswirar mai, taswirar lokacin wuta, taswirar matsin iskar turbo, da kuma iyakoki: iyakar juyin inji, iyakar gudu da iyakar ƙarfin da giyabos zai iya ɗauka. Sauya manhajar mota na nufin sauya lambobin da ke cikin waɗannan jadawalai.

Taƙaitaccen tarihi

Kamfanin Bosch na Jamus ya fitar da tsarin fesa mai na lantarki mai suna D-Jetronic a 1967, aka fara sanya shi a motar Volkswagen 1600. A 1979 ya fitar da Motronic, wanda ya haɗa sarrafa mai da sarrafa wuta a kwamfuta ɗaya, aka fara amfani da shi a BMW 732i. A shekarun 1980 da farkon 1990 umarnin yana zaune ne a wani ɗan guntun ma'aji da ke manne a allon kwamfutar, don haka mai son sauyi sai ya buɗe akwatin, ya cire guntun, ya dasa wani.

Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne dokokin hayaƙi. Daga 1996 Amurka ta wajabta wa duk sabuwar ƙaramar mota soket ɗin bincike iri ɗaya mai ƙafa 16, wanda ake kira OBD-II, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Tarayyar Turai ta bi sahu a farkon shekarun 2000, da motocin fetur tukuna sannan na dizal. A daidai wannan zamani kamfanoni suka koma amfani da ma'ajin da ake iya gogewa a sake rubutawa ba tare da an cire shi ba. Soket ɗin da aka tanada domin gano cutar inji sai ya zama ƙofar shigar da sabuwar manhaja. Shi ne kuma soket ɗin da makanikan Kafanchan da Kaduna da Jos ke jona na'urar bincike a kansa idan an ce a “sa wa mota kwamfuta”.

Yadda ake aikin

Hanyoyi uku ne aka fi bi. Ta farko ita ce ta soket ɗin OBD, inda ake jona kwamfutar tafi-da-gidanka da mota ta wata na'urar tsakani, ba a kwance komai ba. Ta biyu ita ce a ciro akwatin ƙwaƙwalwar a ɗora a kan tebur a jona wayoyi kai tsaye a bakinsa. Ta uku, wadda ta fi haɗari, ita ce a buɗe murfin akwatin a taɓa allon da kansa, kuma ana komawa gare ta ne idan kamfani ya kulle sauran ƙofofin. Akwai kuma wata dabara ta daban, wato ɗan akwatin da ake saƙala wa tsakanin sansa da ƙwaƙwalwa, ya riƙa ba ta rahoton da ba daidai ba domin ta ƙara mai ko iska. Wannan bai taɓa manhajar asali, amma yaudarar kwamfutar yake yi.

A kowace hanya, matakin farko na ƙwararre shi ne kwafe manhajar asali ya adana. Daga nan ya gyara jadawalan, ya daidaita lissafin tantancewa da kwamfutar ke dubawa kafin ta yarda da abin da aka zuba mata, sannan ya rubuta sabon. Lokacin rubutawar ne ya fi kowane lokaci hatsari. Idan batir ya yi sanyi, ko waya ta goce, ko kwamfutar mai aikin ta mutu ana tsaka da zubawa, ƙwaƙwalwar na iya sumewa gaba ɗaya, mota ta ƙi tashi. Shi ya sa ake jona na'urar da ke riƙe ƙarfin batir a tsaye har a gama. A wuraren da wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, wannan tanadi wajibi ne.

Bayan an zuba, aikin kirki na buƙatar gwaji a kan na'urar auna ƙarfi, wadda ake ɗora tayoyin mota a kan nadi tana gudu a tsaye, ana karanta yawan mai da zafin hayaƙi da alamun ƙwanƙwasa. Irin wannan na'ura ba ta da yawa a Najeriya, don haka da yawa daga masu aikin manhajar da aka rubuta a ƙasashen waje suke saukowa daga intanet su zuba, ba tare da an auna motar da ke gabansu ba.

Ribar da ake samu

Kamfanin da ya ƙera mota yana barin rata tsakanin abin da inji zai iya da abin da aka ba shi izinin yi. Dalili kuwa shi ne mota ɗaya za a sayar a ƙasa mai sanyi da mai zafi, a wurin mai nagari da wurin gurɓatacce, ga mai kula da wanda ba ya canza baƙin mai a kan lokaci, kuma dole ta cika dokokin hayaƙi ta wuce shekarun garanti lafiya. Mai sauya manhaja daga cikin wannan rata yake ɗiba.

Injin da ke da turbo, na fetur ko na dizal, shi ya fi amsa wannan aiki, domin ƙara matsin iska na nufin ƙara man da za a ƙona. Ƙarin kashi 10 zuwa 30 cikin 100 na ƙarfi ba baƙon abu ba ne a irinsa. Injin da ba shi da turbo kuwa, irin na mafi yawan Corolla da Camry da Golf 3 da ke bin hanyoyin Kudancin Kaduna, abin da ake samu kaɗan ne, sau da yawa direba ba zai ma ji bambanci ba. Masu sana'ar sun raba aikin mataki-mataki: matakin farko manhaja kawai, na biyu da sauya salansa da na'urar sanyaya iska, na uku da babban turbo da manyan injektoci da ƙarfafa cikin inji.

Batun rage shan mai shi ne ya fi jan hankalin direbobi tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. A injin dizal mai turbo ana iya samun ɗan sauƙi idan direba bai sauya yadda yake tuƙi ba. Amma ƙarin ƙarfi daga ƙarin mai yake fitowa, kuma rage mai fiye da kima a injin fetur yana ƙara zafi har ya ƙona bawul ko ya huda fistan. Motar da ta fara shan mai da yawa galibi wata cuta ce ke damunta, kamar matacciyar sansa ko toshewar matatar iska, kuma gyaran wannan ya fi sauya manhaja araha.

Mai, tudu da ƙura

Manhajar da aka rubuta domin titin Jamus ba lallai ta dace da hanyar Kagoro ba. Babban dalili shi ne ingancin fetur. Ana auna juriyar fetur ga fashewa kafin lokaci da lambar oktan. Mafi ƙarancin da ƙa'idar Najeriya ta amince da shi 91 ne, yayin da fetur na yau da kullum a Turai 95 ne, kuma manhajojin ƙarin ƙarfi da yawa an rubuta su ne domin 98. Amurka na amfani da wani ma'auni dabam, inda 87 ɗinta ya yi kusa da 91 na nan, 93 ɗinta kuma ya yi kusa da 98. Idan aka matsa lokacin wuta gaba domin fetur mai lamba 98 aka zuba mai lamba 91, man zai riƙa fashewa da kansa a cikin silinda. Sansa na iya jin haka ta ja da baya, amma tana da iyaka, kuma abin da ke biyo baya shi ne inji ya buga.

Ba a kuma da tabbacin cewa man da aka saya ya cika ƙa'idar. A watan Fabrairun 2022 hukumomi sun tabbatar da shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima, lamarin da ya lalata motoci ya kuma jawo dogayen layuka a gidajen mai. Ratar da kamfani ya bari ita ce ke ceton inji a irin wannan rana.

Tsayin ƙasa ma na da tasiri. Jos na bisa kimanin mita 1,200 daga matakin teku, inda iska ta fi sauƙi, kuma injin da ba shi da turbo kan rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa a can. Mai turbo yana cike giɓin ne ta hanyar juya turbo da ƙarin sauri. Motar da aka riga aka ƙara wa matsi, ga lodi, ga hawan tudu daga Manchok, ga zafin bazara, tana aiki ne a bakin iyakarta. Ƙurar hunturu kuma na toshe matatar iska ta ɓata sansar da ke auna ta, sai kwamfuta ta riƙa lissafi da rahoton ƙarya.

Gyare-gyaren da suka zama ruwan dare

Mafi yawan masu taɓa ƙwaƙwalwar mota a garejojin Najeriya ba tsere ne ya kawo su ba. Na farko shi ne batun matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi saboda kamannin cikinta. Tana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinom da faladiyom, shi ya sa ake sace ta ko a cire a sayar. Idan babu ita fitilar gargaɗi kan kama, sai a nemi wanda zai goge wannan bincike daga manhaja. Fitilar ta mutu, amma hayaƙin mai guba yana fita kai tsaye zuwa hancin masu talla da 'yan acaba da ke bakin tasha.

Na biyu shi ne cire tamostat da haɗa fankar lagireto ta riƙa juyi kullum, bisa zaton cewa an yi su ne domin ƙasashen sanyi. Sakamakon shi ne inji ba ya kai zafin da aka tsara masa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da zuba mai fiye da buƙata.

Na uku shi ne sauya ƙwaƙwalwar da ta lalace da wata ta Tokumbo. A motocin da ke da tsarin hana sata, sabuwar ba za ta tayar da inji ba sai an haɗa ta da makulli. Wasu kan zaɓi a kashe tsarin gaba ɗaya, abin da ke sauƙaƙa wa ɓarawo aiki. Da irin waɗannan na'urori ne kuma ake rage lambar kilomitar da mota ta ci kafin a kai ta kasuwa.

Iskar gas da kwamfuta ta biyu

A watan Agustan 2023 Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin shugaban ƙasa na amfani da iskar gas ta CNG a motoci. Mayar da motar fetur mai injekta zuwa gas ya ƙunshi tukunya mai ɗaukar matsi har ba 200, da na'urar rage matsi, da injektocin gas, da kuma wata kwamfuta ta biyu da ke karanta umarnin ƙwaƙwalwar asali ta fassara shi zuwa adadin gas. Gas na buƙatar iska kimanin kashi 17 ga kashi ɗaya, yana da lambar oktan sama da ta fetur, kuma yana ƙonewa a hankali. Idan ba a daidaita kwamfutar ta biyu da kyau ba, mota kan rasa ƙarfi a hawa, ta riƙa tari, ko bawul su ƙone. Wannan daidaitawa reshe ce ta sana'a ɗaya da ta masu motocin tsere, kuma ita ce ta fi kusa da aljihun direban haya.

Abin da doka ta ce

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta fara cikakken tilasta sanya na'urar taƙaita gudu a motocin haya daga 1 ga Fabrairu, 2017. Ƙa'idar hanya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a sa'a a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi, yayin da tasi da bas ba za su wuce 90 a tagwayen hanyoyi ba. Hanyoyin da suka haɗu a Samaru Kataf masu hannu biyu ne a kan kwalta ɗaya, ga kwana ga gangara. Motar da ke gudun 120 na buƙatar nisan birki fiye da ninki biyu na wadda ke gudun 80, kuma sauya manhaja bai ƙara wa birki ko taya komai.

Ta fuskar hayaƙi, hukumar NESREA na da ƙa'idojin 2011 kan hayaƙin injinan fetur da dizal. Ta fuskar inshora kuwa, boye wa kamfani sauyin da ya ƙara wa mota ƙarfi na iya zama hujjar ƙin biyan diyya. Kamfanonin motoci ma kan janye garantin inji da giyabos idan suka gano an taɓa manhaja, kuma kwamfutoci da yawa na adana adadin lokutan da aka sake rubuta su, ko da an mayar da ta asali.

A ƙasashen waje hukunci ya yi tsauri. A ranar 18 ga Satumba, 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta zargi Volkswagen da sanya manhajar da ke gane lokacin gwaji ta rage hayaƙi, sannan ta saki a kan titi. Kamfanin ya amsa cewa motoci kimanin miliyan 11 ne abin ya shafa a duniya, kuma gyaran da aka yi wa da yawa daga cikinsu a Turai sake zuba manhaja ne. A Disambar 2023 kamfanin injina na Cummins ya amince da biyan tarar dala biliyan 1.675 kan makamancin zargi. A Jamus, sauyin da ya ƙara ƙarfin inji sai an kai shi an duba an rubuta a takardun mota, in ba haka ba izinin hawa titi ya faɗi.

Horo da makomar sana'ar

Jihar Kaduna na da cibiyoyin da wannan ilimi ya shafa. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya, NITT, da aka kafa a Zariya a 1986, na cikin masu horar da makanikai kan mayar da motoci zuwa gas. Hukumar tsara da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta samu ne a 2014 daga haɗe majalisar motoci ta ƙasa da cibiyar tsara motoci da ke Zariya, kuma tana shirya horo kan gyaran motocin zamani tare da ƙungiyar makanikai ta NATA. A Samaru Kataf kanta akwai Makarantar Fasahar Noma ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, kuma batun ya shafi noma kai tsaye, domin taraktocin zamani ma kwamfuta ke sarrafa su. A Amurka takaddamar manoma da kamfanin John Deere kan 'yancin gyara taraktocinsu ta kai ga sanya hannu a wata yarjejeniya a Janairun 2023.

Abin da mai mota zai lura da shi

Kafin a taɓa manhaja, a tabbatar inji lafiyarsa ƙalau: fulogi, injekta, matatar iska, tamostat, ruwan lagireto da baƙin mai. Ƙarin ƙarfi kan fallasa duk raunin da ke ɓoye, musamman a kuloci da giyabos na motar da ta riga ta ci dubban kilomitoci kafin ta iso Kwatano ko Legas. Mai mota ya nemi a ba shi kwafin manhajar asali ya ajiye da kansa, ya tambayi lambar oktan da aka rubuta sabuwar dominta, ya kuma ga cewa an jona na'urar riƙe batir kafin a fara. Kada ya yarda a kashe binciken ƙwanƙwasa, ko na zafin inji, ko tsarin hana sata. Idan motar haya ce, na'urar taƙaita gudu ba abin taɓawa ba ce.

Mai sayen mota ta hannu kuma ya sa a jona na'urar bincike kafin ya biya, ya duba ko fitilar gargaɗi na kamawa idan an murɗa makulli sannan ta mutu bayan inji ya tashi, ya kuma leƙa ƙarƙashi ya ga ko indomi na nan. Araha ba ta ado: kuɗin wannan bincike bai kai ko kusa da kuɗin sabon inji ko sabuwar ƙwaƙwalwa ba.